Yadda Za Ka Kula Da Kwamin Wanka Na Gida A Lokacin Damina

A makon jiya wani ɗan'uwa daga Kajiji, garin nan da ke ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, ya turo mana hoto ta WhatsApp. Hoton kwamin wanka ne na roba mai ƙafafun ƙarfe, irin wanda ake kafawa a tsakar gida, wanda matasa ke kira suwimin ful. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Malam, dubi ruwan ga. Ran Juma'a tas yake, an yi ruwa dare biyu, yau ya koma kamar miyar kuka. Mi za ni yi?"

Ya ce tun watan Afrilu ya saye shi ta intanet saboda yaran gida, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Irin waɗannan kwamaye na kamfanonin Intex da Bestway yanzu ba sai a otal ko gidan attajiri ake ganinsu ba. Nasa faɗinsa mita 3.66 ne, yana cin ruwa kusan lita 6,500, wato jarka 260 mai lita 25. Wanda ya san yadda ake samun ruwa a ƙauyukanmu ya san zubar da wannan ba ƙaramar asara ba ce. Barin sa haka kuma ya fi muni, domin yara ba za su daina shiga ba, sauro ma ba zai jira izinin kowa ba.

Shi ya sa muka ga ya dace mu mayar da amsar darasi, domin wayar da ke hannunka na iya ɗauke maka fiye da rabin aikin.

Ruwan sama ba shi da laifi sosai

Yawancin mutane sun ɗauka ruwan sama ne ke tsinka maganin da aka zuba har ya daina aiki. Buɗe kalkuletar wayarka mu gwada. Ƙa'idar ita ce: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Bakin kwamin ɗan'uwanmu ya kai murabba'in mita 10.5. Idan aka tafka ruwa mai ƙarfi na milimita 40 a dare ɗaya, irin na watan Agusta, abin da ya faɗa cikin kwamin kai tsaye daga sama lita 420 ne kacal. A cikin lita 6,500 bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba. Wannan bai isa ya mayar da ruwa kore ba.

Sai muka ce masa ya ja da baya ya sake ɗaukar hoton, mu ga tsakar gidan gaba ɗaya. Nan amsar ta fito. Kwamin na dab da ɗaki, indararo na zuba kusan cikinsa, ga bishiyar dogon yaro ta yi masa rumfa, ga turken awaki a gefe. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana tara lita 2,000 a wannan dare guda, kuma ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Ƙurar da ta taru tun hunturu, kashin tsuntsaye da na ƙadangare, busassun ganye, duk yana wanko su. Ƙara da iskar da ke zuwa gaban hadari. Duk wanda ke zaune tsakanin Boɗinga da Tambuwal ya san ta: kafin ɗigon farko ya sauka, sai gari ya yi ja, ƙura ta shiga ko'ina, musamman a farkon damina.

Wannan dattin yana yin ɓarna biyu. Yana cinye sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, domin kulorin ƙarewa yake yi yayin da yake ƙona datti. Sannan yana zama taki ga gansakuka. Da kulorin ya ƙare, rana ta fito, ruwa ya yi ɗumi, kwana ɗaya ko biyu sun isa ya koma kore. Don haka aikin damina kusan duk hana datti shiga ne, da mayar da kulorin da wuri kafin gansakuka ta riga ka.

Kafin hadari: wayarka ce mai gadi

A duk farkon shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina na ƙasa baki ɗaya, tana kuma wallafa na kwanaki uku a shafukanta na Facebook da X. Ka bi ta. Don sanin abin da zai faru nan da 'yan sa'o'i kuwa, ni na fi son manhajar Windy, kyauta ce a Play Store da App Store. Ka nemo garinku a taswira, ka zaɓi shafin tauraron ɗan'adam. A yankinmu manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma, don haka idan ka ga farin curin gajimare ya taso ta wajen Zamfara yana matsowa, ka san lokacin shiri ya yi. Gaskiya ita ce hasashen "kashi 60 za a yi ruwa" da manhajojin yanayi ke nunawa yana yawan kuskure a kan ƙaramin gari. Hoton tauraron ya fi amfani, domin abin da ke faruwa a lokacin yake nuna maka. Yana ɗan cin data, amma duba biyu a rana, da azahar da bayan la'asar, ba za su talauta ka ba.

Da ka ga alama, ka ƙara kulorin kaɗan, ka kashe injin tace ruwa, ka zare shi daga soket ka shigar da wayar wutar ɗaki, sannan ka rufe kwamin da murfinsa ko tamfol. Ka sa wani abu a tsakiya ƙarƙashin tamfol ɗin, kamar tsohon tiyub na mota da aka hura, don ya yi tozo ruwa ya gangara gefe. Ka ɗaure shi da kyau. Iskar damina na ɗauke kwanon rufi, balle tamfol.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne wurin da ka kafa kwamin. Nesa da indararo, nesa da bishiya, nesa da dabbobi, a kan tudu mai daidai. Ƙasar da ta jiƙa tana lotsawa, kuma lita 6,500 nauyin tan shida da rabi ne. Idan ƙafa ɗaya ta nutse, kwamin zai karkace, ƙarfen ya lanƙwashe, ruwan ya kwararo gaba ɗaya. A gidan da ke da katangar laka wannan kaɗai na iya jawo musiba. Ka sa katako ko bulo mai faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Bayan ruwa ya ɗauke

Kada ka bari sai rana ta take. Da safe ka janye tamfol a hankali yadda ruwan da ya kwanta a kansa zai zuba waje. Ka kwashe ganye da raga, ka goge bango da ƙasan kwamin da burushi mai taushi ko da idonka bai ga komai ba, domin santsin da kake ji a tafin ƙafa shi ne farkon gansakuka. Idan ruwa ya cika ya kusa baki, ka rage shi da tiyo zuwa magudana. Sannan ka yi gwaji.

Abu biyu ake aunawa. Na farko pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa. Ana son ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura haka kulorin na yin sanyi, ruwa ya yi hazo. Idan ya faɗi ƙasa ido na yaji, ƙarfe na tsatsa. Ruwan sama a asalinsa yana da ɗan tsami, kusan 5.6, amma ƙurar yankin Sahel tana rage wannan tsamin, don haka kada ka yi amfani da shawarar bidiyon YouTube da aka yi a Amurka ko Turai ka zuba magani da ka. Auna tukuna. Na biyu shi ne kulorin da ya rage a ruwa bai ƙone ba. Ana son ya kasance tsakanin 1 da 3 a ma'aunin ppm, wato miligiram ɗaya zuwa uku a kowace lita.

A nan ne masu son na'urori ke faɗawa tarko. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da biro da ake tallatawa a Jumia da Jiji, ana kiranta TDS. Ka tsoma ta a ruwa ta ba ka lamba, mai talla ya ce tana nuna tsaftar ruwa. Ba ta nunawa. Yawan gishiri da ma'adinan da suka narke kawai take ƙiyastawa. Ruwan da ke cike da ƙwayoyin kwalara na iya ba ta lamba mai kyau. Kuɗinka ya fi amfani a kan takardun gwaji, waɗanda ake tsomawa su canza launi ka kwatanta da jadawalin jikin kwalba. Suna auna pH da kulorin lokaci guda, ba sa buƙatar batir. Sharaɗinsu ɗaya: laima na kashe su, don haka ka rufe kwalbar gam, kada ka sa jiƙaƙƙen yatsa ciki.

Biron auna pH na dijital yana da kyau idan za ka riƙa daidaita shi da garin da ke zuwa cikin kwalinsa, mai lamba 4.01 da 6.86. Ni na taɓa sayen ɗaya na yi wata biyu ban daidaita shi ba, ina ta gaskata lambobinsa, ashe ya kauce da kusan maki ɗaya. Game da manhajojin da ke cewa ka ɗauki hoton takardar gwaji su karanta maka kuwa, ka yi hattara: kyamarar waya tana gyara launi da kanta gwargwadon haske, shi ya sa hoto ɗaya ke fitowa daban a Tecno da Samsung. Idonka a inuwa da rana tsaka ya fi aminci.

Lissafin magani

Da farko ka san yawan ruwanka. Kwami mai kusurwa huɗu: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, duk a mita, sau 1,000. Zagayayye: rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3.14 sau zurfin ruwa, sau 1,000. Ka ajiye amsar a manhajar rubutu ta wayarka, sau ɗaya ake yi.

Kulorin da ake samu cikin sauƙi iri biyu ne. Akwai na gari, wanda ake kira HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70. Giram ɗaya da rabi nasa yana ɗaga lita 1,000 da ppm ɗaya. Akwai kuma bilicin wanki irin su Hypo da Jik. Ka duba jikin robar, idan an rubuta kashi 3.5, to mililita 30 ke yin wannan aikin. Amma ya zama tsagwaronsa, ba mai turare ko sabulu ba. A kwamin ɗan'uwanmu na Kajiji, ppm ɗaya na nufin giram 10 na gari ko mililita 190 na bilic. Ƙaramin sikelin dijital da sirinji babba sun fi cokali. Wanda ya iya Turanci zai iya sauke manhajar Pool Math, ya saka yawan ruwa da sakamakon gwaji ta fitar masa da adadi. Sai ka mayar da ita kan lita da giram, domin a ma'aunin Amurka take zuwa.

Ruwan da ya riga ya yi kore ba ya jin ppm ɗaya ko biyu. Dole a yi masa dukan kawo wuƙa: a kai shi kusan ppm 10, wato giram 100 na gari ko kusan lita biyu na bilic a irin wannan kwamin. A zuba bayan magariba, saboda hasken rana na cinye mafi yawan kulorin cikin 'yan sa'o'i. Na gari sai an narkar da shi a bokitin ruwa tukuna, in ba haka ba zai kwanta a ƙasa ya kore launin robar ya raunana ta. Washegari a sake aunawa, idan ya faɗi warwas alama ce yana kan aiki, a ƙara. Ba wanda zai shiga sai ruwa ya washe, ana ganin ƙasan kwamin, kulorin kuma ya sauko 3.

Idan ruwan jan ƙasa ne ya dama shi, alam ɗin da iyayenmu mata ke sa wa ruwan rafi shi ne magani. Ka narkar da giram 20 zuwa 30 ga kowace lita 1,000, ka zuba, ka motsa, ka kashe inji ka bar shi ya kwana. Da safe lakar ta kwanta, sai ka zuƙe ta waje da tiyo a hankali. Kada ka bari ta bi ta matatar injin, toshe ta za ta yi. Alam na saukar da pH, don haka ka auna bayan nan. Idan ya yi ƙasa, soda ash ko bekin soda ke ɗaga shi, kaɗan-kaɗan. Na san wani zai ce ai ga kanwa a kicin. Eh, danginsu ɗaya, amma kanwa na zuwa da yashi, kuma ƙarfin kowane dunƙule daban ne, ba za ka iya lissafa ta ba.

Gargaɗin da ba wasa: kada ka haɗa kulorin da asid, ko da ruwan wanke masai, ko na gari da na ƙwaya a mazubi ɗaya. Iskar da ke tashi na iya kashe mutum, wani haɗin ma wuta yake kamawa. Maganin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin magani ba. Ka ajiye shi a busasshen wuri mai tsawo, nesa da fetur ɗin janareto da hannun yara.

Wuta da tsawa

Injin tace ruwan da ke zuwa da irin wannan kwami yakan tura kusan lita 2,000 a sa'a, a rubuce. A aikace ba ya kaiwa. Ka ba shi aƙalla sa'a shida a rana, bayan ruwan sama ka ƙara, ka kuma wanke matatarsa kullum. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramar sola mai inbata na iya riƙe shi, sai dai a ranakun lumshi batir ba ya cika, don haka ka kunna shi da hantsi zuwa la'asar lokacin da faranti ke samun haske.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wayar jona wuta da ake shimfiɗawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, an naɗe mahaɗarta da leda. Ka kira mai gyaran wuta ya sa maka bireka mai gano yoyon lantarki, wadda ake kira RCD, mai lamba 30mA. Ita ke katse wuta cikin ƙiftawar ido idan ta bi ta jikin mutum, abin da fis na yau da kullum ba ya yi. Duk da haka, a kashe inji a zare shi duk lokacin da yara ke cikin ruwa. Waya a jikin caji ko fawa bank ma kada ta kusanci bakin kwami.

Ga tsawa kuma, agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka ya isa. Da ka ga walƙiya ka latsa, da ka ji rugugi ka tsayar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Idan ƙasa da daƙiƙa 30 ne, hadarin na cikin kilomita goma, kowa ya fito ya shiga ɗaki, kuma a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe.

Tun da muna maganar waya: lambar IP67 ko IP68 da ke kan kwali an gwada ta ne a ruwa mai tsabta da ke tsaye, kuma robar da ke toshe kafofin tana saki idan waya ta tsufa ko an taɓa buɗe ta wurin gyara. Idan ta faɗa kwami, ka kashe ta, ka goge, ka ajiye a inda iska ke kaɗawa, kada ka jona caji. Maganar binne ta cikin shinkafa, kamfanin Apple da kansa ya ce a daina.

Sauro, cuta da ƙananan yara

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba kwata yake so ba. Ruwa mai ɗan tsabta da ke tsaye a rana ya fi so, kuma a ɗumin damina daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana bakwai zuwa goma ba. Kwamin da aka yi sakaci da shi mako guda, ko ruwan da ya kwanta a kan tamfol, ya zama gonar sauro ga gidanku da maƙwabta. Ruwan da ke motsi kuma yake da kulorin ba ya yi musu daɗi. Ka saita tunatarwa a kalandar wayarka: gwaji kowace safiya, wankin tamfol kowace Juma'a.

Ka kuma kula da inda kake ɗebo ruwan ciko. Ruwan tafki ko na madatsa, irin wanda ake samu a yankin Shagari, na iya ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Idan ba makawa sai shi, a sa kulorin a bar shi kwana biyu kafin kowa ya taɓa. Damina kuma ita ce lokacin amai da gudawa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. Yaron da ke zawo kada ya shiga kwami, ko da gwaji ya nuna komai daidai, domin akwai ƙwayoyin cutar da ke jure kulorin na kwanaki. Ƙananan kwamayen da ake hurawa, marasa inji, ba a sa musu magani: a zubar da ruwan kowace yamma, a wanke, a kife.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce kusan mutum dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, kuma tamfol ba kariya ba ce, rufe shi ma take yi a kasa ganinsa. A cire tsani bayan wanka, a sa shinge mai ƙofa idan da hali. Kyamarar tsaro mai turo saƙo a waya tana da amfaninta, amma saƙon da ke jiran netwok ba zai riga ruwa ba. Babba ya tsaya a wurin, wayarsa a aljihu.

Masu kwamin siminti da aka haƙa a ƙasa, musamman kusa da fadama, kada ku kwashe ruwan duka a tsakiyar damina. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, yana iya tura kwamin da babu nauyi a cikinsa ya tsage. Masu kiwon tarwaɗa kuma ku lura, duk lissafin kulorin da ke sama ba naku ba ne, kashe kifi yake yi.

Ɗan'uwanmu na Kajiji ya bi matakan nan, ruwan ya washe a kwana na uku. Amma da ya lissafa kuɗin bilic da wahalar rufewa da buɗewa kullum a watan Agusta, ga shi zafi ya ragu yaran ma ba su cika shiga ba, sai ya yanke shawarar naɗe kwamin. Mun ga dacewar hakan. Ya daina sa magani na kwana huɗu, kulorin ya fita a rana, ya auna ya ga sifili, ya yi ban-ruwan shuke-shuken bayan gida da wani, sauran aka yi wanki. Robar ya wanke ta, ya shanya ta bushe ƙarau don kada ta yi fumfuna, ya saka a buhu ya rataye inda ɓera ba zai kai ba. Ya ce idan zafin Oktoba ya dawo zai sake kafa shi, wannan karon a tsakiyar fili, taku goma daga indararo.